Girgizar Ƙasar da Ke Tasowa Daga Inda Bai Kamata Dutse Ya Karye Ba

A daren 8 ga Yuni 1994, mutanen da ke cikin dogayen benaye a birnin Toronto na Kanada suka ji gini yana lilo da su a hankali. Ba a ƙarƙashin Kanada abin ya faru ba. Dutse ne ya tsage a ƙarƙashin dajin arewacin Bolibiya, can Kudancin Amurka, a zurfin kilomita 630 ko ɗan fiye da haka. Ƙarfin girgizar maki 8.2 ne. Da kusa da doron ƙasa ta auku, da garuruwa sun zama kufai. Amma birnin La Paz, wanda bai fi 'yan ɗaruruwan kilomita daga saman wurin ba, ya wayi gari a tsaye, in ban da tsoro da ɗan tsagewar bango nan da can.

Kilomita 630 a baki ba wuya. Ka ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri, ka tsayar da ita a miƙe, ka soka ta cikin ƙasa, sannan ka ƙara kaɗan. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, wanda Tarayyar Sobiyet ta haƙa a yankin Kola, kilomita 12 ne da 'yan kai. To duk abin da aka sani game da abin da ke faruwa a can ƙasa, daga igiyoyin girgiza da na'urori ke kamawa aka sano shi, sai kuma gwajin da ake yi da ƙwayar dutse da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

Masana sun kasa girgizar ƙasa uku bisa zurfinta. Daga doron ƙasa zuwa kilomita 70, wannan ita ce ta sama-sama, ita ce kuma aka fi sani: ta Turkiyya da Siriya a 2023, ta Moroko a shekarar, har da ɗan motsin da ya firgita mutanen Mpape a Abuja a 2018. Daga 70 zuwa 300 matsakaiciya ce. Daga 300 zuwa kusan 700 ita ce mai zurfi. Biyun ƙarshen nan ba a samun su a Afirka ta Yamma. Kusan dukkansu suna faruwa ne a inda wani faranti na ɓawon ƙasa, galibi na ƙarƙashin teku, yake nutsewa ƙarƙashin wani yana gangarawa cikin dutsen nan mai zafi da ake kira mantil: Japan, Indonesiya, Tonga da Fiji, gaɓar yammacin Kudancin Amurka.

Wani masanin Japan, Kiyoo Wadati, shi ya kawo hujjar da ta tabbatar da su a 1928. Dabararsa duk wanda ya taɓa ƙirga tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa ya san ta. Girgiza tana aiko igiyoyi iri biyu ta cikin dutse, mai sauri da mai biyo baya. Gwargwadon nisan tushen, gwargwadon ratar da ke tsakanin isowarsu. Wadati ya lura akwai girgizar da ko tashar da ke daidai samanta sai ta ga rata mai tsawo. Ke nan tushen yana da nisa, kuma nisan ba na gabas ko yamma ba ne, na ƙasa ne. Da aka ci gaba da zana wuraren a taswira, sai aka ga sun jeru a kan wani layi mai gangara, kamar allon da aka jingina, yana farawa daga bakin teku yana nutsewa ƙarƙashin tudu. Daga baya Hugo Benioff na Amurka ya faɗaɗa aikin, shi ya sa ake kiran layin da sunan su biyun. Allon nan shi ne farantin da ke nutsewa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Girgizar sama-sama ba ta da wuyar fahimta. Akwai tsaga a cikin dutse, ɓangarori biyu sun manne da juna, ana ta tura su shekara da shekaru, rannan sai turawar ta fi ƙarfin mannewar, su zame lokaci guda. Amma mannewar nan tana ƙaruwa da nauyin da ke bisa. Buhun masara ɗaya za ka ja shi a kan siminti. Ka ɗora masa tara, ka sake ja ka gani. A zurfin kilomita 600, matsin da ke kan dutse ya kai ninki 200,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Ƙarfin da ake bukata kafin a zamar da tsaga a ƙarƙashin wannan danniya ya wuce abin da dutsen kansa zai iya ɗauka. Ga kuma zafi, wanda a wannan zurfi ya haura digiri 1,500. Maƙeri ya san abin da zafi ke yi wa abu mai tauri: ƙarfen da zai karye da sanyinsa, in ya yi ja a wuta aka ɗora shi kan uwar maƙera, sai ya riƙa miƙewa yana lanƙwasa ƙarƙashin masaba. Haka dutsen mantil yake, yana malala a hankali, 'yan santimita a shekara, ba ya karyewa. Bisa wannan lissafi, daga zurfin kilomita 70 ko makamancin haka ya kamata ƙasa ta yi tsit. Ba ta yi ba.

Rabin amsar ita ce farantin da ke nutsewa sanyi gare shi. Ya shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin teku yana hucewa, kuma dutse ba ya saurin ɗaukar zafi, don haka cikinsa na iya kasancewa da ɗaruruwan digiri ƙasa da abin da ke kewaye da shi, ko bayan ya yi nisa. Wannan ya warware maganar zafi. Bai warware ta matsi ba. Sanyi ko ba sanyi, buhunan nan goma suna nan a danne. Dole dai a sami wani abu da zai raunana dutsen daga ciki, a kan wani siririn layi, cikin ƙiftawar ido.

Tunani na farko da ya zo wa mutane shi ne dutsen yana rufzawa ne cikin kansa: ma'adini ya sauya siffa, ya tsuke, wurin ya afka. Na'urori suka ƙaryata wannan. Da rufzawa ce, da motsin farko da kowace tasha a duniya za ta kama ja ne zuwa ciki. Abin da ake gani kuwa shi ne wasu tashoshi turi, wasu ja, a tsarin kusurwa huɗu, irin dai wanda girgizar sama ke bayarwa. Ma'ana, a can ma zamewa ake yi, wani ɓangare yana goga wani.

Ga matsakaitan girgiza, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ruwa. Kafin faranti ya nutse sai ya lanƙwasa, bayansa ya tsattsage, ruwan teku ya shiga ya haɗu da dutsen ya mai da shi wani ma'adini mai santsi da ake kira safentin, wanda kusan kashi 13 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure cikin ƙwayoyinsa. In farantin ya gangara ya ɗumama zuwa wajen digiri 600 zuwa 700, sai safentin ya saki ruwan. Maginan tukwane sun san wannan: tukunyar da ba ta gama bushewa ba, in aka sa ta a wuta, ruwan da ke cikin yumɓun ne ke fasa ta. A can ƙasa ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya taru cikin tsaga ya ɗauke wani kaso na nauyin da ke danne ta, kamar yadda tayar mota ke daina kama kwalta in ruwa ya shiga tsakani. Raleigh da Paterson sun nuna haka a ɗakin gwaji a Ostireliya a 1965: safentin da ke lanƙwasa salin-alin, da ya fara sakin ruwa sai ya koma karyewa.

Akwai shaida mai kyau daga arewa maso gabashin Japan. A 1978 Akira Hasegawa da abokan aikinsa suka nuna cewa tsakanin zurfin kilomita 70 zuwa 150 girgizar ba layi ɗaya ta bi ba, layi biyu ne, ɗaya a saman farantin, ɗaya kilomita 30 zuwa 40 a ƙasansa, suna matsowa kusa da juna yayin da suke gangarawa. Lissafin zafin farantin ya nuna layukan sun faɗo kusa da wuraren da ake sa ran ma'adinai za su saki ruwa. Sai dai na ƙasan yana da tambaya a kansa, domin ana jayayya kan ko ruwan teku na iya ratsa faranti har kilomita 40. Shi ya sa wasu suka ce ba matsin ruwan ne kaɗai ba: inda safentin ya saki ruwansa ya yi laushi, nauyin da yake ɗauke da shi sai ya koma kan busasshen dutsen da ke gefensa, shi kuma ya kasa.

Tsakanin matsakaita da masu zurfi, matsakaitan su ne masu kisa, kuma ina ganin ba a ba su muhimmancin da ya dace. Zurfinsu ya isa ya baza girgizar a ƙasa mai faɗi, bai kuma isa ya kashe mata kaifi ba. Ranar 4 ga Maris 1977 girgiza ta tashi a zurfin wajen kilomita 90 ƙarƙashin yankin Vrancea na Romaniya. Mutum fiye da 1,500 suka rasu, mafi yawansu a Bukares, mai nisan kusan kilomita 160, inda manyan gine-gine sama da 30 suka rushe. Ranar 26 ga Oktoba 2015 wata mai maki 7.5 ta tashi a zurfin fiye da kilomita 200 ƙarƙashin tsaunukan Hindu Kush na Afganistan. Kusan mutum 400 suka mutu, mafi yawa a Pakistan, kuma cikinsu akwai 'yan mata 12 'yan makaranta a garin Taloqan da suka rasu a turmutsutsun fita daga aji. Wuraren nan biyu ba ma bakin teku suke ba. Ragowar tsohon faranti ne ke rataye a ƙasa, yana miƙewa yana sirancewa a wuya kamar ɗigon zuma da ke shirin tsinkewa daga cokali.

Daga kilomita 70 zuwa ƙasa, yawan girgiza raguwa yake yi, har ya kai ƙaranci a wajen 300. Wannan ya dace da maganar ruwa, tunda ruwan ƙarewa yake. Amma sai adadin ya sake tashi, ya yi tozo tsakanin 550 da 600, sannan ya yanke kwatsam kafin 700. Wani abu dabam ne ke aiki a nan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi burge ni.

Ma'adinin da ya fi yawa a saman mantil sunansa olibin, wani kore-kore. A zurfin kilomita 410 matsi yana tilasta masa sake jera ƙwayoyinsa ya zama wadsiliyit, wanda ya fi shi cunkushewa, a wajen 520 kuma ya zama ringwudayit. Amma sauyin yana bukatar zafi, cikin faranti kuwa sanyi ne. Masu sayar da ruwan leda sun san wani abu mai kama da wannan. Wani lokaci za ka ciro leda daga firiza, ruwan ya wuce sanyin ƙanƙara amma yana nan tsululu. Kana buga shi a gefen firiza sai ka ga ƙanƙara ta bazu cikinsa nan take. Ruwan ya makara ne, yana jiran dalili. Haka olibin ke wuce iyakar 410 bai sauya ba, ya zama wani siririn harshe na makararren ma'adini a tsakiyar farantin.

A 1989 Harry Green da Pamela Burnley suka gwada abin da ke faruwa in aka matsa irin wannan makararren ma'adini. Sun yi amfani da wani ɗan'uwan olibin da aka haɗa da sinadarin jamaniyam, domin shi yana sauyawa a matsin da injinsu zai iya kaiwa. Da suka yanka samfurin suka duba a madubin ƙara girma, sai suka ga wasu ƙananan tabo masu siffar ƙwayar kankana, cike da sabon ma'adinin, ƙwayoyinsa sun fi gari laushi nesa ba kusa ba. Tsaga ta yau da kullum buɗewa take yi, shi ya sa matsi ke hana ta. Waɗannan tabon kuwa tsukewa suke yi, don haka matsi taimakonsu yake. In sun yi yawa sai su haɗe su zama layi ɗaya, kuma ƙwayoyi masu laushin nan suna zamewa a kan juna kamar an zuba mai. Sauyin yana fitar da zafi, zafin yana hanzarta sauyin a gaba, layin ya ruga. Samfurin ya karye da ƙara, kuma a wani ɗan tsakanin zafi kaɗai: in ya yi sanyi sosai sauyin ba ya farawa, in ya yi zafi sosai dukkan samfurin ke sauyawa lami lafiya. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Alexandre Schubnel ta maimaita gwajin da na'urorin sauraro, ta kama ƙarar ƙananan karaya masu halayya irin ta girgizar gaske.

Bayani ne mai daɗi, har ya faɗi abin da ya sa yankin Tonga da Fiji, inda tsohon faranti mai sanyi ke nutsewa da sauri fiye da ko'ina, yake da kusan kashi biyu cikin uku na dukkan girgiza masu zurfi a duniya. Sai Bolibiya ta zo ta dagula lissafi. Farantin Nazca da ke ƙarƙashin Kudancin Amurka yaro ne in an kwatanta, ɗumi gare shi, don haka harshen makararren olibin da ke cikinsa a zurfin 630 dole siriri ne ƙwarai. Tsagar 1994 kuwa faɗinta ya kai kilomita 40, kuma kusan a kwance take, ta yanka farantin a gicciye. Ba yadda za ta shige cikin harshen nan.

A nan maganar kuzari ta shigo. In tsaga ta zame, kuzarin da aka tara yana rabuwa: wani ya fita a matsayin igiyoyin da ke girgiza ƙasa, wani ya tafi wajen niƙa dutse, wani ya zama zafi. Hiroo Kanamori da abokan aikinsa suka yi lissafin ta Bolibiya a 1998. Tsagar ta yi tafiya a hankali, wajen kilomita 1 a daƙiƙa, alhali igiyar da ke biyo baya tana gudun fiye da kilomita 5 a wannan zurfi. Abin da ya fita a matsayin igiyoyi kuma bai kai kashi 4 cikin ɗari na kuzarin da ke hannu ba. Wato girgizar da aka ji har Toronto ɗan ɓurɓushi ne. Sauran duk a wurin ya tsaya, kuma in aka zuba wannan zafi a layin da kaurinsa bai wuce 'yan santimita ba, dutsen narkewa zai yi. Yaran da ke ƙera mota da waya sun san farkon wannan: ka yi ta lanƙwasa waya a wuri ɗaya, wurin ya yi zafi har ya ƙona yatsa, ya yi laushi, lanƙwasar duk ta koma can, a can kuma za ta tsinke. Zafi na kawo laushi, laushi na tara motsi wuri ɗaya, motsi na ƙara zafi. Wannan ita ce hanya ta uku, kuma ba ta bukatar ruwa ko makararren ma'adini, sai dai tana bukatar wanda zai kunna ta.

Ranar 24 ga Mayu 2013 aka sami abin kwatanci. Girgiza mai maki 8.3 ta tashi a zurfin wajen kilomita 600 ƙarƙashin tekun Okhotsk, gabashin Rasha, ita ce mafi girma cikin masu zurfi da aka taɓa aunawa. Har a Mosko, mai nisan sama da kilomita 6,000, mutane sun fito daga wasu gine-gine. Zurfi kusan ɗaya da na Bolibiya, girma kusan ɗaya, hali kuwa ya sha bamban. Tsagar Okhotsk ta yi gudun wajen kilomita 4 a daƙiƙa, ta miƙe kusan kilomita 180 a tsawon farantin, kuma kaso mai yawa na kuzarinta ya fita a matsayin igiyoyi. Wata ƙaramar girgiza mai maki 6.7 da ta zo bayanta ma ta yi gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, ta tsere wa igiyoyi masu biyo baya da ita kanta take haifarwa. Bambancin shi ne farantin Fasifik da ke ƙarƙashin Okhotsk tsoho ne mai sanyi. Haka abin yake a 'yan rakiya, wato ƙananan girgizar da ke biyo babba: masu zurfi galibi ba su da su da yawa, ta Kolombiya a 1970 kusan ba ta bar ko ɗaya ba, amma ta Tonga a watan Maris 1994, cikin faranti mai sanyi, ta bar jerin gwano.

Ni a ganina an daɗe ana tambayar da ba ita ba, wato wace hanya ce ta gaskiya cikin ukun. Abin da ke kunna wuta dabam, abin da ke ciyar da ita dabam. Ashana ba ita ke cinye daji ba. Zhongwen Zhan na jami'ar Caltech da wasu sun kawo bayanin da na fi gamsuwa da shi: tsagar tana farawa cikin harshen makararren olibin. In farantin mai sanyi ne, harshen yana da kauri, sai ta yi ta gudu a cikinsa da sauri ba tare da asarar kuzari mai yawa ba, kamar Okhotsk. In mai ɗumi ne, nan da nan take kai bakin harshen, kuma yawancinsu a nan suke mutuwa. Wadda ta yi ƙarfin da za ta tsallaka, sai ta ci gaba da narka hanyarta, a hankali, da tsada, kamar Bolibiya. Ko a matsakaicin zurfi an ga alamar haka: a ƙarƙashin Bucaramanga ta Kolombiya, inda girgiza ke cunkushe a ɗan wuri a zurfin wajen kilomita 150, an auna wasu da kuzarin igiyoyinsu ƙalilan ne, alamar yawanci ya tafi a zafi.

Saura maganar yankewar nan kafin kilomita 700. Ranar 30 ga Mayu 2015 girgiza mai maki kusan 7.9 ta tashi ƙarƙashin tsibiran Ogasawara a kudancin Japan, a zurfin wajen kilomita 680, tana cikin mafi zurfi da aka taɓa gani a wannan girma. An ji ta a dukkan larduna 47 na Japan, dubban lif suka tsaya a yankin Tokyo, domin faranti mai sanyi yana kai igiyoyi sama ba tare da sun dushe ba, kamar yadda bugu ke bin bututun ƙarfe. Wannan ita ce bakin iyaka. A wajen kilomita 660 ringwudayit yana wargajewa ya zama ma'adinai biyu dabam, kuma wannan sauyin shan zafi yake yi maimakon fitar da shi, sannan dole ƙwayoyin su yi ƙaura su rabu gida biyu, abin da ba ya yiwuwa cikin daƙiƙa. Ashanar ta ƙare ke nan. Hotunan cikin ƙasa da ake haɗawa daga igiyoyin girgiza sun nuna wasu farantan suna kwanciya a kan wannan iyaka, kamar na ƙarƙashin gabashin Sin, wasu kuma suna ratsa ta su ci gaba da gangarawa zuwa gindin mantil, a zurfin kusan kilomita 2,900. Tsohon farantin Farallon yana can ƙarƙashin Arewacin Amurka yanzu haka, yana nutsewa shiru.